Zaman Makoki a Rumfar Kekuna

Iska ce ta fara tarbata a ƙasar Holland. Ina fitowa daga filin jirgin Amsterdam ta fizge mini hula, na bi ta da sassarfa, ni dattijo mai furfura, ina jan akwati. Wani baƙin mutum ya tare hular, ya kaɗe ta, ya miƙo mini ya ce, "Baba, sannu da zuwa," da Hausa tas. Na yi karatu a Khartum, na yi aiki a Maraɗi da Garwa, an tura ni kwas Indiya, na je Makka ba sau ɗaya ba. Ko'ina na je na lura cewa wanda ya fi saurin yi maka yarenku a tasha, shi ya kamata ka fi sa wa ido. Na san haka, amma daɗin jin Hausa ya mantar da ni. Ya ce sunansa Sani, ya ce na fito ta ƙofar da ba ita ba, ya mayar da ni ciki inda ake hawa jirgin ƙasa. Na tuɓe rigar sanyina don in kai hannu aljihun ciki, ya karɓa ya riƙe mini. Da na juyo daga wurin yankan tikiti, babu Sani, babu riga.

Yayana Bukar ne ya zaɓo mini rigar a gwanjo a kasuwar Lafia. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, da cinikin agushi ya yi mini karatu, kuma har na tsufa bai daina yi mini kallon yaro ba. Bayan na yi ritaya na zama mai kula da wata cibiyar koyar da sana'o'i a garinmu. Wata jami'a a Holland ta ba cibiyar gurbin mutum ɗaya, ya je ya yi zango guda a makarantarsu ta dizain, ya dawo ya koyar. Da na gaya wa Yaya, sai ya yi dariya har da tari.

"Dizain? Kyari, a tsufanka za ka koyi ɗinkin wuyan riga?"

Na ce masa ba na tela ba ne. Makaranta ce da ake koya wa mutum yadda zai saurari mai matsala, ya fahimci ainihin abin da ke damunsa, ya haɗa masa mafita ta gwaji, in ba ta yi ba a sake. Ya ce, "To wannan ai shi muke yi a kasuwa kyauta. Je ka dai, ka gaishe su."

Garin jami'ar ƙarami ne, ruwa ya ratsa shi ta ko'ina cikin magudanai da aka haƙa, kekuna sun fi mutane yawa. An ba ni ɗaki a bene na gidan ɗalibai, matakalarsa tsaye kamar tsani. Makarantar kuwa ban taɓa ganin irinta ba. A Khartum malami na bisa kujera muna ƙasa. A Indiya in malami ya shigo kowa zai miƙe. A nan babu mai zama ma balle ya miƙe. Tebura dogaye ne, a tsaye ake aiki, kuma komai na ɗakin yana da tayoyi: allo, tebur, har kujerun hutawa. Ka jingina da abu sai ya tafi ya bar ka. Akwai agogo babba da ake murɗawa, in lokacin magana ya ƙare ya yi ƙara, ko kana tsakiyar jimla dole ka yi shiru. Bango cike da ƙananan takardu masu manne, ja da rawaya da kore. Kuma yarinyar da ba ta kai autata ba za ta dube ni ta ce "Kyari", gatsau, babu Malam babu Baba. Ran farko har waiwayawa na yi, ina neman yaron da ake kira.

An haɗa ni rukuni da matasa uku. Femke, 'yar ƙasar, doguwa, mai faɗin abu yadda yake ko da zai yi ciwo. Joris, shi ma ɗan ƙasar, wanda ƙafarsa ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya, kullum da alƙalami a hannu yana kaɗawa. Sai Anjali daga Indiya, mai ƙarancin magana, wadda ta yi mamaki da na gaishe ta da 'yan kalmomin Hindi da suka rage mini. Aikinmu shi ne mu gano abin da ke wahalar da tsofaffi a tashar bas ta garin. Mukan fita cikin yayyafi mu tare mutane da tambayoyi, mu dawo mu yanka kwali da almakashi mu haɗa abin da muke tunani, mu mayar wa mutanen su gwada. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne nuna aikin da bai ƙare ba. Ni da na yi shekaru ina koya wa kafintoci cewa ba a fitar da kujera sai an goge ta an shafa mata fenti, ga ni riƙe da kwali mai gam ina tambayar wata tsohuwa ra'ayinta. Ta juya shi ta ce, "Wannan shirme ne." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Su Femke kuwa murna suka yi, har da tafi, wai mun koyi abu da wuri.

Ban samu natsuwa ba, amma na fara sabawa. Muna cikin haka, wata ranar Talata da hantsi, ina tsaye gaban allo wayata ta yi ta kaɗawa a aljihu. Na fita baranda. Maiɗakina ce, Hajiya Falmata. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba, daga nan na san ba lafiya.

"Alhaji, sai haƙuri. Yaya Bukar lokaci ya yi. Ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mota shi ke nan. Bayan azahar za a kai shi."

Na yi salati. Na ce zan taho. Ta ce, "Ka taho ka tarar da me? Kafin ka samu jirgi ka sauka Abuja ka iso Lafia an yi addu'ar uku an watse. Kuma ka ce bizarka in ka fita ba komawa. Mutane sun ɗora maka amana, ka zauna ka ƙarasa."

Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ba ta zaunar da ni ba. A wajenmu in an yi rasuwa akan kafa rumfa a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, babban gida ya zauna a gaba kwana uku, jama'a na zuwa suna yi masa gaisuwa. Yaya ya tafi, ni ne babban gida. Da la'asar maƙwabcinmu ya kira ni, wani tsohon hedimasta ɗan ƙabilar Eggon da muka yi yarinta tare.

"Oga Kyari, sannu fa. Mun kai shi. Mutane ya cika, har daga Agyaragu da Kwandere an zo. Tabarman gaba ne kawai babu mutum, yaran sun ƙi zama a wurinka."

Bayan wannan wayar ƙafafuna suka ƙi ɗaki. Na sauko na kama tafiya bakin ruwa, in haye wannan gada in dawo ta waccan, kekuna na yi mini ƙararrawa. Na tarar da masallacin 'yan Maroko, na shiga na gaya wa liman da Larabci. Mutumin kirki ne. Ya sa aka yi wa Yaya addu'a bayan salla, mutane suka ba ni hannu, wani tsoho ya lura ba ni da rigar kirki ya cire tasa ya yafa mini, ya ƙi karɓa da na mayar. Amma kowa ya sa takalmi ya koma aikinsa. Ba su san ni ba, ba su san shi ba. Gaisuwar mutuwa ta wanda ya san ka ce, ya tako ya same ka inda kake zaune. A duk faɗin ƙasar nan waɗanda suka san ni yara uku ne masu yankan kwali.

Washegari na je makaranta don na rasa inda zan sa kaina. Na riga na gaya wa Femke a waya dalilin ɓacewata. Ina shiga na ga sun ture alluna gefe sun yi da'ira da kujeru. A tsakiya ga furanni cikin kwalba, ga kyandir yana ci. Femke ta taho ta rungume ni, na sandare kamar itace, hannuwana a sama. Suka zaunar da ni. Joris ya ce sun yi shawara, sun ware lokaci don in fitar da abin da ke raina. Ya miƙo mini takardu masu manne, wai in rubuta abubuwan da na fi tunawa da Yaya, mu liƙa a bango.

"Yaya kake ji a yanzu?" in ji shi.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Me ya sa?"

Haka aka koya mana, in mutum ya ba da amsa ka ce masa me ya sa, ka sake, ka sake, har ka kai gindin magana. Ni ma na yi wa tsofaffi haka a tashar bas. Ban san zafinsa ba sai da aka yi mini. Na dubi kyandir, na dubi takardun, na ga an mayar da mutuwar ɗan'uwana darasi. Na miƙe, kujerar ta gangara baya ta bugi allo. Na ce, "Yayana ba aikin aji ba ne." Na fita.

Na haɗa akwatina na nufi tashar jirgin ƙasa. Na yanke cewa gara in isa Lafia a makare in zauna a tabarmar ko ni kaɗai ne, cibiya ta yi haƙuri da gurbinta. Ina zaune a benci iska na kaɗa ni, sai ga Femke a kan keke, Anjali a bayanta, gashinsu duk ya jiƙe.

Femke ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Abin da muka yi bai yi ba. Mun haɗa maka abin da mu za mu so, ba mu tambaye ka ba. Anjali ta faɗa mana tun farko, ba mu saurare ta ba."

Anjali ta ce a hankali, "Mu ma a gida zama ake yi."

Na ce, "Ba komai, ku koma. Jirgina ya kusa."

"In za ka tafi ba mai hana ka," in ji Femke. "Amma kafin ya zo, nuna mini yadda ake yi. Kada ka ba ni labari. Ga benci, kai ne mai gida, ni na zo. Me zan yi?"

Na dube ta. A garinmu wanda ya yi irin wannan kwaɓa a gidan mutuwa, sai ya shekara yana canza hanya in ya hango ka. Wannan yarinya ta yi kuskure da safe, kafin azahar ta biyo ni a jiƙe tana neman a sake gwadawa, ko kunya babu a idonta. Na zaga ƙasashe, ban taɓa ganin wannan hali ba, kuma a ranar na kasa yanke hukunci ko rashin ta-ido ne ko wata irin tarbiyya ce da mu ba mu da ita.

Na ce, "Da farko, ba a rungumata."

"To."

"Ki cire takalmi. Ki zauna ƙasa. Ki ce mini, ya haƙuri. In amsa. Shi ke nan."

"Sai kuma me?"

"Sai ki yi shiru."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Ba a aunawa. In zuciyarki ta ce ya isa, ki tashi ki tafi. Ba a doguwar sallama, ba a ce sai gobe."

Ta cire takalmi a kan simintin tasha mai sanyi, ta zauna, ta faɗi kalmomin a karkace. Na amsa. Ta yi shiru, Anjali ma ta zauna. Jirgin ya zo, ƙofofi suka buɗe, mutane na ratsa mu suna kallo. Ina riƙe da hannun akwati har ƙofofin suka rufe ya wuce.

Muka yanke a yi zaman makokin a nan, sai matsalar wuri ta taso. Na ce ba a aji ba, a ƙofar gida ake yi. Ɗakina a sama yake, ba ya ɗaukar mutum uku, waje kuma ruwa. Joris ne, da ya iso yana ta ba da haƙuri, ya tuna da rumfar da ake ajiye kekuna a gindin gidan ɗaliban, mai rufin kwano, buɗe ta gaba. Ya bi ɗaki ɗaki yana roƙon masu kekuna su matsar da su. Suka kwaso kwalayen da muke yanka a makaranta suka shimfiɗa saboda sanyin ƙasa, limamin 'yan Maroko ya ara mana tsohuwar darduma. Anjali ta tambaya ina mata za su zauna. Na ce a gida ciki suke shiga wurin uwargida, amma nan babu ciki babu uwargida, kowa ya zauna inda ya samu. Na sa aka kawo dabino da ruwan shayi a fulas. Joris ya zo da allo zai rubuta bayani a bakin rumfa, na ce ya mayar. Ya ce to yaya mutane za su san abin da za su yi? Na ce na farko ya gaya wa na biyu.

Na zauna a gaba, na naɗe ƙafa, carbi a hannu. Rana ta biyu ke nan da rasuwar.

Ban zaci kowa zai zo ba bayan su ukun. Amma 'yan ajinmu suka riƙa zuwa da ɗaya da biyu, suna jingine keke, suna fama da igiyar takalmi. Wani ya ce mini "ya haƙuri" kamar yana tambayar hanyar kasuwa. Wata ta zo da furanni, Femke ta karɓe tun daga nesa ta ɓoye bayan kekuna. Malamarmu ta zo, macen da ban taɓa ganin ta zauna ba, ta durƙusa da ƙyar gwiwoyinta na ƙara. Shirun ne ya fi ba su wuya. Mutanen da aka horar su yi ta magana da tambaya, ga su zaune suna kallon yatsun ƙafarsu, fuska ta yi ja, ruwa na buga kwano. Wasu ba su jima ba suka tashi. Wasu suka zauna har shirun ya daina damunsu, ana gani a kafaɗunsu. Tsohon nan da ya ba ni riga ya zo da abokansa biyu, su ba sai an koya musu ba, suka ɗaga hannu muka yi fatiha, yaran suna kallo. Can da yamma na lura tun da na zauna ban miƙe na kama yawo ba. Na tuna dariyar Yaya mai haɗe da tari, hawaye suka zubo, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Rana ta uku, da hantsi, daidai lokacin da na san ana addu'a a ƙofar gidanmu a Lafia, Joris ya zo. Tun jiya yana ta kai da kawo, ɗauko wannan, gyara wancan, bai zauna ba ko sau ɗaya. Ran nan ya cire takalmi, ya yi gaisuwa, ya zauna daga gefe. Ƙafarsa na rawa, alƙalami na kaɗawa. Na ce a raina wannan ba zai kai ko'ina ba. Na ga ya zaro 'yar takarda daga aljihu, na harare shi, ya mayar. Jim kaɗan ƙafar ta tsaya. Da na sake dubawa, kansa na ƙasa, kafaɗunsa na girgiza.

Na bar shi sai da ya lafa. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Yi haƙuri, Kyari. Na san ba a magana."

"Ana yi, in ta zama dole."

"Babana ya mutu bara. An yi taro na ɗan lokaci a wani zaure, aka sha kofi, kowa ya tafi. Washegari na dawo aji. Kowa ya ce na yi ƙoƙari." Ya ja hanci. "Ba wanda ya zo ya zauna."

Femke ta ɗago kai da sauri. Ajinsu ɗaya tun bara, kuma na ga alama ita ma tana cikin masu cewa ya yi ƙoƙari.

A Lafia muna da maƙwabta Kirista da masu addinin gargajiya, mun san abin da ake faɗa wa kowa. Na juya na fuskance shi, na ce masa da Hausa, sannan da Turanci, "Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya sa ka fi shi daɗewa." Sannan na matsa gefe a kan dardumar, na buga wurin da tafin hannu.

"Taso ka dawo nan."

"Nan ai wurinka ne."

"Wurin masu rashi ne. Taso, ɗana, ga mutane na tahowa."

Ya taso ya zauna kusa da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa. Wasu ɗalibai biyu suka jingine kekuna, suka cire takalma, suka tsaya suna dubanmu, ba su san wa za su fara gaisarwa ba. Na nuna musu Joris.

"Ku fara da shi," na ce. "Ya riga ni jira."